In Shafa Mata Man Kashe Zafi a Ɓoye Kafin Gwajin Tarin Fuka?

Anti, barka da aiki. Baban maigidana ya yi wata huɗu a wurinmu yana jinya, sai makonni uku da suka wuce aka gano tarin fuka ne na huhu. An ɗora shi a kan magani, aka ce duk 'yan gidan su je a duba su, yara kuma za a yi musu gwajin fata, 'yar allurar nan da ake yi a hannu. Yarana biyu, mace mai shekara shida da ƙaninta mai shekara biyu. Bara yarinyar ta kwanta a asibiti, aka yi ta sukarta ana neman jijiya. Tun daga lokacin ko warin asibiti ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa. Gab da a sallame mu wani likita ya shafa mata man kashe zafi mai suna EMLA kafin a ɗebi jini, ko motsi ba ta yi ba. Shi ya sa na sayi man na tafi da shi. Nas ɗin ta ce ba a shafawa a wannan gwajin, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na kwashi yarana na dawo gida, yau kwana goma ke nan. Ƙawata ta ce in shafa a gida awa ɗaya kafin mu fita, in goge, babu wanda zai sani. Maigidana kuma ya ce ni ce nake shagwaɓa ta. Anti, laifi ne in rage wa 'yata zafi?

Uwar yara biyu

Ƙanwata, ba laifi ba ne, kuma ba shagwaɓa ba ce. Yaron da manya uku suka danne ana laluben jijiyarsa ba ya mantawa, uwar da ta tsaya tana kallo ma ba ta mantawa. Amma shawarar ƙawarki ki ajiye ta gefe. Kada ki shafa man nan a ɓoye, kuma ki mayar da yaran cikin makon nan. Gaskiya kwana goman da kuka yi a gida sun fi allurar tayar mini da hankali, kuma ba don yarinyar ba ma, don ƙaninta. Zan zo kansa.

Bari in fara da bayanin da ya kamata nas ɗin ta tsaya ta yi miki. Ba ta kyauta ba da ta ce a'a ta ja bakinta ta yi shiru, minti biyu ya ishe ta. Sai dai a'ar tata tana da tushe.

Gwajin nan tsoho ne, wani likitan Faransa ne ya fito da hanyar yin sa a 1908, shi ya sa za ki ga an rubuta sunansa, Mantoux, a jikin kati, wani lokaci kuma a rubuta PPD. Ruwan da ake amfani da shi sunansa tubakulin. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, wani sinadari ne da aka tace daga jikin ƙwayar, don haka ba zai sa wa yaro tarin fuka ba. Yawansa kashi ɗaya cikin goma na mililita, wajen ɗigo biyu. Allurar siririya ce ƙwarai, gajeriya. Ba ta shiga tsoka, ba ta neman jijiya. Ana miƙe cikin hannun yaro, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a kwantar da allurar kusan daidai da fata, a cusa bakinta kaɗan cikin fatar kanta, har kina iya hango shi ta sama. Sai a tura ruwan a hankali, wurin ya taso fari kamar cizon sauro, faɗin milimita 6 zuwa 10. A zare. Kafin ku isa gida tudun ya baje.

Daga nan aikin ya koma hannun jikin yaron. Idan garkuwar jikinsa ta taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka, za ta gane sinadarin, ta turo mayaƙanta wurin, fata ta yi tauri. Wannan ba ya faruwa nan take, shi ya sa ake cewa a dawo bayan awa 48 zuwa 72. Ranar dubawa babu na'ura, babu ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikaciya ce za ta ɗora yatsa ta shafa a hankali har ta ji inda taurin ya fara da inda ya ƙare. Wasu biro suke ɗorawa daga nesa su jawo shi a kan fata har ya ci karo da bakin taurin ya tsaya, su yi haka ta ɗaya gefen, sannan su sa 'yar rula su auna tsakanin alamun biyu. Jan da wurin ya yi ba a lissafa shi, tauri kawai. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, milimita 10 ko fiye a jikin yaro yana nufin ƙwayar ta shiga, idan kuma yaron yana da tamowa mai tsanani ko cuta mai karya garkuwar jiki, milimita 5 ya isa. A Amurka da Kanada duk wanda ya zauna da mai cutar kwanan nan, kamar yaranki, daga milimita 5 ake ɗaukar sa a matsayin ya kamu. Ki ɗauki fensir ki dubi kaurinsa. Milimita 5 bai kai nan ba.

To ki ga inda man ya shigo. EMLA haɗin magunguna biyu ne, lidoken da firiloken, kowanne kashi 2.5 cikin ɗari. Ba a murza shi kamar man shafawa. Ana ɗora shi da kauri, a rufe da filasta marar shan iska, a bar shi awa ɗaya ya ratsa. Yana aiki, ke shaida ce. Amma ba zafi kaɗai yake taɓawa ba. Da farko yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin fata, wurin ya yi fari fat, in ya daɗe kuma su buɗe wurin ya yi ja. A jikin wasu yana sa ɗan kumburi ko ƙaiƙayi. Idan jini za a ɗiba wannan ba matsala ba ce, domin fata ƙofa ce kawai, abin da ake nema yana can cikin jijiya. A gwajin tarin fuka kuwa fatar ita ce takardar da ake karantawa. Ma'aunin 5 da 10 ɗin nan a kan fatar da ba a shafa wa komai ba aka gina shi. Saboda haka ne ƙa'idojin yaƙi da tarin fuka na Kanada suka faɗa a fili cewa kada a shafa irin wannan man a wurin gwajin, don kumburin da yake iya kawowa zai iya rikita mai dubawa.

Ba zan ɓoye miki ba, ba duk likitoci ne suka tsaya a nan ba. Akwai masu cewa farin da kumburin da man ke sawa suna bajewa cikin 'yan awoyi, tun kafin ranar dubawa, don haka ba su ga abin hanawa ba, musamman ga yaro mai tsananin tsoro. Hujjarsu ba ta banza ba ce. In da likitan yaranki ne ya dubi yarinyar ya ce a shafa, ya zaɓi wurin, ya rubuta a kati cewa an shafa, da ba ki ji bakina ba. Abin da ƙawarki ta kawo daban ne. So take mai dubawa ta auna fatar da aka taɓa, tana zaton ba a taɓa ba. Ki ce an dawo ranar dubawa aka sami milimita 6. Ƙwaya ce ko mai? Ke kaɗai kika san akwai wannan tambayar, kuma ke ba ki da amsarta. Ko dai ki yi shiru a yanke hukunci a kan lambar da ke kanki ba ki yarda da ita ba, ko ki faɗi gaskiya a sake gwajin, yarinyar ta sha allura biyu maimakon ɗaya. Garin neman ƙiba an samo rama.

Kuma maganar babu wanda zai sani, ƙawar taki ba ta taɓa kallon hannun da aka cire wa filastar nan ba. Wurin yakan fito fari, da gefe huɗu, ga sawun danƙo kewaye da shi. Nas ɗin da ta saba aiki za ta gani tun kafin ta buɗe sirinji. Sai ta koma ɗaya hannun, kin yi asarar awa ɗaya, ita kuma yarinyar da kika yi wa alkawarin ba za ta ji komai ba ta ji, ta ƙara da sanin cewa maganar Mama ba abin dogaro ba ce. In kuma kika ce bari ki shafe hannu biyu duka tunda ba ki san inda za a soka ba, kin shiga wani hatsarin. Man nan magani ne, yana ratsa fata ya shiga jini, kuma ana ƙayyade yawansa da faɗin wurin da za a shafa gwargwadon shekaru da nauyin yaro. Firiloken in ya yi yawa yana iya rage wa jini ƙarfin ɗaukar iska, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi. Jarirai ne suka fi shiga wannan hatsarin, da yara masu ƙarancin wani sinadari na cikin jini da ake kira G6PD. Ɗan shekara biyu kuwa, kina juya baya ya ɓalle filasta, man ya tafi ido ko baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Duk abin da ya taɓa fatar yaro kafin gwaji, mai yin gwajin ta sani.

Yanzu ita yarinyar. Ina ganin ba zafin allura take tsoro ba kamar yadda take tsoron abin da ya zo tare da shi bara: kwantar da ita, danne ta, lalube, a soka a zare a sake sokawa, manya suna magana a kanta babu mai yi mata magana. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin wannan gwajin, amma ita ba ta sani ba, domin babu wanda ya gaya mata. Zafi akwai shi, ɗan tsini lokacin shiga, sai raɗaɗi lokacin da ruwan yake buɗa fata. Daƙiƙu kaɗan ne. Shekara shida ta isa a yi magana da ita. Daren ranar ko da safe, ba mako guda kafin nan ba don kada ta kwana bakwai tana tunani, ki zaunar da ita ki kama hannunta ki nuna mata wurin da yatsa. Ki ce: "A nan za a ɗan tsire ki. Zai yi zafi kamar cizon cinnaka, mu ƙirga zuwa goma tare, ya wuce. Ba za a nemi jijiya ba, ba za a kwantar da ke ba, a cinyata za ki zauna." Kada ki ce ba zafi. Idan ta tambaya ko za a shafa man nan na bara, ki ce a'a, wannan gwajin fatarki ake so a gani yadda take. Yara suna karɓar dalili fiye da yadda muke zato.

A ɗakin, ki zauna ki ɗora ta a cinya, a zaune, ƙirjinta a jikin naki ko ta gefe, hannun da za a yi wa a miƙe a kan tebur. Rungume ta za ki yi, ba dannewa ba, sai dai ki tallafi gwiwar hannun sosai, domin in ta fizge ruwan ya zube ko ya shiga ƙasa da inda ake so, dole a sake a wani wurin. Ki ba ta abin da za ta zaɓa da kanta, ko da ƙarami ne: za ta kalla ko za ta juya kai, ita za ta ƙirga ko ke. Ki sa ta ja numfashi ta hura a hankali kamar mai hura balan-balan, ko ki kunna mata abin da take so a waya. Abu ɗaya da iyaye mata suke yi da kyakkyawar niyya yana ƙara dagula lamari, wato jera "sannu, yi haƙuri, sannu, ba komai, ba komai" da murya mai rawa. Yaro ba kalmar yake saurara ba, muryar yake saurara, in ya ji ta haka sai ya tabbatar lalle akwai abin tsoro. Ki yi magana da muryar da kike tambayarta ina ta ajiye takalminta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta a kan rage wa yara zafin allurar rigakafi, kuma abubuwan da ta sa a gaba su ne irin waɗannan: uwa ko uba su kasance a wurin, a riƙe yaro a jiki, a shayar da jariri, a ɗauke hankalin wanda ya ɗan tasa. Ba ta sa man kashe zafi cikin abin da za a riƙa yi wa kowa ba.

Shi kuma maigida, tunda yana da ra'ayi, a ba shi aiki. Ya raka ku, ya tsaya a waje da ƙaramin, a fara da yarinyar kafin ta ji kukan ƙaninta. Kuma a gidanku daga yau a daina tsorata yaro da allura in ya yi rashin ji, ko wane ne yake yi.

Idan kin yi duk wannan kika ga abin ya fi ƙarfin lallashi, tana shiɗewa ko amai don tsoro, ki nemi ganin likita, ba nas ɗin teburin allura ba, ki gaya masa labarin bara dalla-dalla. Akwai gwajin jini da ke yin aikin da gwajin fata yake yi, ana kiran sa IGRA. Zuwa ɗaya ne, ba a komawa dubawa, allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da aka yi wa yaro yana jariri ba ta rikita shi kamar yadda takan rikita na fata, kuma a nan man naki halal ne, a shafa a ɗebi jini. Sai dai ba ko'ina ake yin sa ba, kuma ki lura, shi ne mai neman jijiya, abin da ta fi tsana. Ni da za a bar mini zaɓi, na fatar zan zaɓar mata.

Na ce zan dawo kan ƙaramin. Wata huɗu yana shaƙar iska ɗaya da kakansa, kuma na san yadda jika ɗan shekara biyu yake da kaka, kullum yana jikinsa. Babba in ƙwayar ta shige shi, sau da yawa jikinsa yakan killace ta ta kwanta shekaru, wani ma har abada. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, balle ɗan biyu, garkuwarsa ba ta ƙware a wannan ba. Cutar tana iya tashi cikin watanni, kuma ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, takan bazu cikin jiki ko ta hau kai ta zama sanƙarau, wanda in bai kashe ba yakan bar naƙasa. Allurar BCG tana rage wannan hatsarin, ba ta kawar da shi. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ke gida ɗaya da wanda aka tabbatar yana da tarin fuka na huhu, in an duba ba shi da alamun ciwon, a ba shi maganin kariya, ko da ba a sami yin gwajin fata ba. Akwai na wata shida da magani iri ɗaya, akwai na wata uku da iri biyu, likita zai zaɓa. Ma'ana, shi ɗanki ba sakamakon gwaji yake jira ba, likita yake jira ya duba shi, watakila a ɗauki hoton ƙirji, a fara. Fushinki da nas ya tsayar da wannan kwana goma. Ban faɗa don ki zargi kanki ba, na faɗa don ki san wanda agogo yake bugawa a kansa. Idan kuwa ɗayansu yana tari ko zazzaɓi da ya kai mako biyu, ko yana ramewa, ko ya daina wasa ya zama mai yawan kwanciya, kada ki jira, gobe da safe ki tafi.

Ki zaɓi ranar da kwana biyu ko uku bayanta asibitin yana buɗe kuma kina da sarari, misali a yi Litinin a duba Laraba ko Alhamis. In awa 72 ta wuce ba a duba ba, yawanci sakewa ake yi. Kafin a soka, ki gaya musu in an yi wa yaran rigakafin ƙyanda ko sun yi ƙyandar cikin makonni 4 zuwa 6 da suka wuce, ko suna shan magani mai danne garkuwar jiki, domin waɗannan suna iya sa gwajin ya fito babu komai alhali akwai. Bayan an yi, kada a rufe wurin da filasta, kada a shafa masa mai ko wani magani, wanka kuwa a yi kamar kullum, a dai bar dirza wurin. In ya yi ƙaiƙayi ki ɗora tsumma mai sanyi, ki hana ta susa. Ko kin ga hannun sumul ki koma a duba, tauri da yatsa ake jin sa ba da ido ba.

Ranar dubawa ki roƙa a rubuta miki lambar milimita a kati, ko da sifiri ce, ba "babu" ko "akwai" kawai ba. In an ce akwai, ba ya nufin tana da ciwon, kuma ƙwayar da ke kwance ba ta yaɗuwa, ba sai an raba ta da kowa ba, sauran bincike ne zai biyo baya. In an ce babu, ki tambayi ranar da za a sake, domin jiki yakan ɗauki makonni kafin ya nuna, shi ya sa ake maimaitawa makonni 8 zuwa 10 bayan haɗuwa ta ƙarshe da mai cutar lokacin da yake iya yaɗa ta. Wannan ma ki gaya wa yarinyar tun yanzu, kada ki ce mata daga wannan an gama.

Man kuma kada ki jefar. Ki duba ranar lalacewarsa, ki ajiye shi inda hannun ƙaramin ba zai kai ba. Ranar da aka ce za a ɗebi jini, ki fito da shi a gaban likita ki tambaye shi nawa za a shafa, kuma a ina.